Yash Chopra: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daraktan da Muka Sha Kallo Ba Mu San Sunansa Ba

A ƙasar Hausa fim ɗin Indiya na jarumi ne. Tambayi duk wanda ya yi zamanin silima a Kano ko Zariya ko Maraɗi, zai ce maka ya ga fim ɗin Amita ko na Daramendra, 'yan baya kuma su ce na Sharukan. Rubutun da ke fitowa a farkon fim lokacin sayen gyaɗa ne da neman wurin zama, da kaset ya zo ma tura shi gaba muka riƙa yi. Shi ya sa mutum zai kawo maka labarin Deewaar tiryan-tiryan, ya rera maka waƙoƙin Veer-Zaara ba tuntuɓe, amma bai san hannu ɗaya ne ya yi su ba, duk da shekara 29 da ke tsakaninsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan mai wannan hannu.

Wane ne Yash Chopra a taƙaice?

Darakta ne kuma mai shirya finafinan Hindi. An haife shi ranar 27 ga Satumba 1932, ya mutu ranar 21 ga Oktoba 2012 yana da shekara 80. Daga 1959 zuwa 2012 ya ba da umarnin fim 22, kuma shi ya kafa kamfanin Yash Raj Films, wanda har gobe yana sahun gaba a Mumbai. Ya ci kyautar gwarzon darakta ta Filmfare sau huɗu. Indiya ta ba shi lambar Dadasaheb Phalke ta shekarar 2001, wadda babu ta sama da ita a harkar fim a can, sannan lambar girmamawa ta ƙasa, Padma Bhushan, a 2005.

A ina aka haife shi, kuma me ya haɗa shi da Pakistan?

A Lahore, lokacin tana cikin Indiya ƙarƙashin Turawan Ingila. Shi ne autan 'ya'ya takwas, mahaifinsa akanta ne a ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Punjab. Yana ɗan shekara 14 aka raba ƙasar gida biyu a watan Agustan 1947. Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan. Hindu da Sikh suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka yi gabas, Musulmi suka yo yamma, miliyoyi suka rasa gidajensu, rayukan da suka salwanta a hanya ba su ƙirguwa. Su Chopra Hindu ne. Garin da aka binne cibiyarsa ya wayi gari ya zama ƙasar waje, sai da fasfo.

Ni a nawa karatun, a nan maɓallin aikinsa yake. Ana ta kiransa sarkin soyayya, amma ka jera finafinansa ka duba abin da yake komawa kai kullum: uwa da ɗa an raba, wa da ƙane an raba, masoya an raba, yaro bai san ubansa ba. Rabuwa ce jarinsa. Soyayyar riga ce ya sa mata.

Yaya aka yi ya shiga harkar fim?

Ta hannun yayansa B.R. Chopra, wanda ya ba shi shekara 18, kuma kusan shi ya rene shi. B.R. ɗan jaridar finafinai ne a Lahore kafin ya koma Bombay (Mumbai ta yanzu) ya zama darakta. Gida sun so Yash ya karanci injiniya, shi kuwa hankalinsa na wajen kyamara. Ya fara da yaron aikin I.S. Johar, daga baya ya koma mataimakin yayansa, har da aikin Naya Daur na 1957. A 1959 B.R. ya miƙa masa ragamar fim na kansa, yana ɗan shekara 27.

Finafinansa na farko ma na soyayya ne?

Ko kusa. Dhool Ka Phool, wanda ya fara da shi, labarin jariri ne ɗan gaba da Fatiha da uwarsa Hindu ta yar a daji, wani dattijo Musulmi, Abdul Rasheed, ya tsince shi ya rene shi, jama'a na zunɗensa. Na biyun, Dharmputra na 1961, ya juya ƙwaryar: yaron jinin Musulmi ne, gidan Hindu suka rene shi, ya girma ya zama mai tsananin ƙin Musulmi a daidai lokacin rikicin raba ƙasa, sai ga gaskiyar asalinsa ta fito. Shi ne fim ɗin da Shashi Kapoor ya fara jan ragama a matsayin babba. Ya ci kyautar ƙasa, kasuwa kuwa ba ta karɓe shi ba, kuma Yash ya daɗe bai sake taɓa maganar Indiya da Pakistan ƙiri-ƙiri ba.

A 1965 ya yi Waqt. Attajiri yana taƙama da dukiya da 'ya'ya uku, girgizar ƙasa ta zo dare ɗaya ta watsa gidan, kowa ya tashi a wani hannu, sai a kotu suka haɗu bayan shekaru. Ya tara Balraj Sahni da Raaj Kumar da Sunil Dutt da Shashi Kapoor da Sadhana da Sharmila Tagore a fim ɗaya, abin da ba a saba ba a lokacin. Duk wani fim na 'yan'uwa da suka ɓace suka haɗu a ƙarshe, irin waɗanda suka cika silimunmu shekaru goma bayan nan, ya sha daga wannan rijiyar.

Sai Ittefaq a 1969, wanda babu waƙa ko ɗaya a cikinsa, kuma kusan duk labarin a dare guda ya faru cikin gida guda. Mutumin da aka fi sani da waƙa kan dusar ƙanƙara ke nan.

Yaushe ya tsaya da ƙafarsa?

A 1970. A shekarar ya auri Pamela Singh, ya bar inuwar yayansa ya buɗe Yash Raj Films. Ba shi da ofis, tsohon darakta V. Shantaram ne ya ba shi ɗan ɗaki a situdiyonsa na Rajkamal. Fim na farko da kamfanin ya fitar shi ne Daag a 1973, da Rajesh Khanna da Sharmila Tagore da Raakhee. Miji ne aka ɗauka ya mutu, ya ɓoye a wani gari ya zauna da wata matar, uwargida ta gano shi. Ƙarshen fim ɗin su ukun suka zauna gida ɗaya. A Indiya an ɗauki wannan ƙarshe a matsayin kasada babba. A wajenmu ko gezau, kishiya ce aka yi, tambayar kawai ita ce yadda za a raba kwana.

Shi ne ya ɗaga Amitabh Bachchan?

Ba shi ya fara ba. Zanjeer na Prakash Mehra a 1973 shi ya fito da Amitabh mai fushi, kuma marubuta biyun nan Salim Khan da Javed Akhtar su suka ƙera wannan hali. Abin da Yash ya yi shi ne ya ba fushin dalili, ya ba shi uwa.

Deewaar ya fito a farkon 1975, labarin Salim da Javed, kuɗin Gulshan Rai. Uban shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, aka kama iyalinsa aka tilasta masa sa hannu a takardar da ta sayar da abokan gwagwarmaya. Ya gudu ya bar gari. Ma'aikata suka huce a kan babban ɗansa Vijay (wanda Amitabh ya fito a matsayinsa bayan ya girma), suka zana masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne, rubutun da ba ya gogewa. Uwar, Nirupa Roy, ta tafi Bombay da yaran biyu tana ɗaukar bulo a wajen gini, suna kwana ƙarƙashin gada. Akwai wata fitowa da ba na mantawa. Vijay yana yaro yana goge takalmi, mai takalmin ya jefo masa kuɗi ƙasa, yaron ya ƙi sunkuyawa, sai dai a ɗauka a sa masa a hannu. Ba duka, ba kiɗa mai tayar da hankali, amma ka riga ka san wane irin mutum zai zama. Ya girma ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ƙanensa Shashi Kapoor ya zama ɗan sanda, uwa ta bi mai halal.

Daga nan suka yi Kabhi Kabhie a 1976, inda Yash ya ɗauki mutumin da aka saba gani yana naushi ya mayar da shi mawaƙi mai rubuta baiti. Sai Trishul a 1978, ɗa ya zo Delhi karya kamfanin uban da ya yaudari uwarsa. Sai Kaala Patthar a 1979, wanda aka gina kan hatsarin mahaƙar kwal ta Chasnala a 1975, inda ruwa ya cinye ma'aikata sama da 370. Sai Silsila a 1981.

Zumuncin ya yi rana daga baya. Da kamfanin Amitabh ya karye a ƙarshen shekarun 1990 bashi ya yi masa katutu, shi da bakinsa ya sha faɗa cewa takawa ya yi zuwa gidan Yash ya ce a ba shi aiki. Mohabbatein na 2000 ya biyo baya.

Mece ce ma'anar lambar 786 da ke yawan fitowa?

Musulmin Indiya da Pakistan suna ɗaukarta a matsayin jimillar haruffan Bismillah a lissafin abjadi. A Deewaar ita ce lambar bajon da Vijay ke ɗaurawa a damtse lokacin yana dako a tashar jiragen ruwa, wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ya ce masa ya riƙe ta da kyau. Vijay ba ya shiga ɗakin bauta, amma bajon bai rabu da aljihunsa ba, har ya taɓa tare masa harsashi. Na fara ganin fim ɗin a zauren wani maƙwabcinmu mai bidiyo, mun cika maƙil har bakin ƙofa. Da aka zo ƙarshe bajon ya suɓuce masa yana gudu, wani tsoho a bayanmu ya tafa hannu ya ce, “Shi ke nan, laya ta faɗi.” Bai jin Hindi ko kalma ɗaya, kuma babu abin da ya wuce shi.

Shekara 29 bayan nan, lambar fursunan da Shah Rukh Khan ke ɗauke da ita a kurkukun Pakistan cikin Veer-Zaara ita ce 786.

Da gaske Silsila labarin Amitabh da Rekha ne?

Abin da ya tabbata shi ne fim ɗin ya haɗa Amitabh da matarsa ta gaske Jaya a matsayin mata da miji, da Rekha a matsayin tsohuwar masoyiya, a lokacin da jaridun gulma na Bombay ba su da wani zance sai nasu. Shi ne kuma fim na ƙarshe da Amitabh da Rekha suka fito tare a matsayin masoya. Sauran zancen shaci-faɗi ne. Fim ɗin bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito, waƙoƙinsa ne suka raya shi, musamman wadda aka ɗauka cikin gonakin furanni na Keukenhof a Holan.

Ashe shi ma ya taɓa faɗuwa?

Kusan shekara goma cur. Bayan Silsila, Mashaal na 1984 da Dilip Kumar bai mayar da abin da aka sa rai ba, Faasle na 1985 ya faɗi warwas, Vijay na 1988 ma bai taɓuka abin kirki ba. Zamani ne na faɗa da bindiga, kaset ɗin bidiyo kuma ya hana iyali zuwa silima. Ya gwada bin rawar da kiɗa ya canza, ba ta karɓe shi ba.

Chandni na 1989 ya dawo da shi. Ya ajiye faɗa, ya ɗauko Sridevi da fararen kaya, da Rishi Kapoor da Vinod Khanna, ya cika fim ɗin da waƙa. Jama'a suka yi tururuwa. Hoton Yash Chopra da yawancin mutane suka riƙe, mace cikin sari shara-shara kan tsauni iska na kaɗawa, daga nan ya kafu.

Bayan shekara biyu ya yi Lamhe, wanda shi da kansa yake cewa ya fi so cikin ayyukansa. Anil Kapoor, an aske masa gashin baki, yana son wata da ta girme shi. Ta auri wani, ta mutu ta bar 'ya, 'yar ta girma kamar an tsaga kara da uwarta, ta kuma kamu da sonsa. Sridevi ce ta fito a uwar da 'yar. 'Yan kallo a Indiya suka ce a kai kasuwa, amma ya karɓu wajen Indiyawan ƙetare, ya kuma ci gwarzon fim na Filmfare.

Me ya kai shi Suwizalan?

Da farko Kashmir ce aljannar masu fim ɗin Indiya, can ya ɗauki Kabhi Kabhie da wani sashe na Silsila. Da rikici ya ɓarke a yankin daga 1989 ɗauka ta gagara, sai tsaunukan Suwizalan suka maye gurbi. Ba shi ya fara kai kyamara can ba, Raj Kapoor ya riga shi da Sangam a 1964, amma shi ya mayar da wurin kamar bayan ɗakinsu. Indiyawa masu yawon buɗe ido suka bi sawu da kuɗinsu, mutanen ƙasar kuma ba su yi butulci ba: garin Interlaken ya naɗa shi jakadansa na girmamawa, kamfanin jirgin ƙasa na Jungfrau ya sa wa wani jirgi sunansa, a 2016 aka kafa mutum-mutuminsa a garin riƙe da kyamara.

Shi ya ba da umarnin Dilwale Dulhania Le Jayenge?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Ɗansa Aditya Chopra ne ya rubuta ya ba da umarni yana ɗan shekara 24, uban shi ne furodusa. Ya fito a watan Oktoban 1995, kuma silimar Maratha Mandir ta Mumbai ta yi ta nuna shi shekara da shekaru, sai dai annobar korona ta taɓa sa aka dakata na wani lokaci. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka Mohabbatein na Aditya ne. Dhoom da Chak De! India da Ek Tha Tiger na kamfanin ne, wasu daraktoci suka yi su.

To finafinai nawa ya yi da Shah Rukh Khan?

Huɗu. Darr a 1993, Dil To Pagal Hai a 1997, Veer-Zaara a 2004, sai Jab Tak Hai Jaan a 2012. Abin dariyar, a na farkon Shah Rukh ne mugun, saurayi mai taɓin so da ke bibiyar Juhi Chawla yana in'ina wajen kiran sunanta. Sunny Deol ne jarumin a takarda, amma 'yan kallo suka bi mugun. Sunny bai ji daɗi ba, bai sake aiki da Yash ba.

Veer-Zaara ne ya mayar da shi gida. Matuƙin jirgin sojan Indiya ya so 'yar Lahore, ya zaɓi ya yi shekara 22 a kurkuku da bakinsa a rufe don kada sunanta ya ɓaci, wata lauya 'yar Pakistan, Rani Mukerji, ta tsaya masa. Babu bos ɗin da ke wakiltar wata ƙasa ko wani addini. Yana da shekara 72 ya sake buɗe maganar da ya rufe tun Dharmputra.

Me ya sa waƙoƙin finafinansa suka fita daban?

Yana son rubutacciyar waƙar Urdu, kuma ya san zaɓen mutane. Sahir Ludhianvi ne ya riƙa rubuta masa tun fim ɗin farko har mutuwar Sahir a 1980. A Silsila ne Javed Akhtar ya fara rubuta waƙar fim. A nan ne kuma ya jawo makaɗan gargajiya biyu, Shivkumar Sharma mai santur (wani abin kiɗa mai tsirkiya) da Hariprasad Chaurasia mai sarewa, suka zama Shiv-Hari, su suka yi masa Chandni da Lamhe da Darr. Mawaƙiya Lata Mangeshkar kuwa kamar yaya take a wajensa. A Veer-Zaara ya yi abin da ba a saba ji ba: ya ɗauko karin waƙoƙin da Madan Mohan ya bari bai yi amfani da su ba kafin mutuwarsa a 1975, ɗan marigayin, Sanjeev Kohli, ya gyara su, Lata ta rera tana da shekara sama da 70.

Ba shi da abin suka?

Yana da shi. Talakan da ya cika Deewaar da Kaala Patthar ya ɓace ɓat daga finafinansa na baya. Daga Chandni zuwa sama kowa mai kuɗi ne, damuwarsa ɗaya ita ce wa zai aura. Dil To Pagal Hai, ka cire rawa da waƙa, labarin bai cika cokali ba. Jab Tak Hai Jaan kuma ya jingina da hatsarin mota har biyu da ɓacewar tunani, dabarar da ta tsufa tun kafin a haifi jarumansa mata. Sarin nan shara-shara cikin ƙanƙara, namiji kuwa da rigar sanyi har wuya, jarumai mata da dama sun yi ƙorafin sanyin da suka sha.

Akwai alaƙarsa da Kannywood?

Ta kai-tsaye babu. Ta kallo kuwa akwai. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa 'yan Labanan ke kawo finafinan Indiya silimun Arewa, suka karɓu saboda abin da ke ciki ba baƙo ba ne: kunya, biyayyar iyaye, auren dole, dangi masu sa baki. Waɗanda suka fara finafinan Hausa na bidiyo daga 1990 a wannan kallon suka tashi. Soyayyar mutum uku, da saurayi da budurwa suna zagaya bishiya suna amsa wa juna baiti, ba Yash kaɗai ya ƙirƙire su ba, amma yana cikin waɗanda suka fi goge su. Yanzu da fassarar Indiya-Hausa ta zo, yara na kallon ayyukan kamfaninsa a waya da harshensu.

Wa ke riƙe da kamfanin yanzu?

Aditya, wanda ya auri Rani Mukerji a 2014, mutumin da ko hotonsa da wuya a gani. Ƙanensa Uday ya yi fitowa a Mohabbatein da jerin Dhoom. Mahaifiyarsu Pamela, wadda ta yi waƙa a finafinan gidan, ta mutu a 2023.

Da wanne zan fara in ban taɓa lura da aikinsa ba?

Deewaar, sannan Veer-Zaara. In ka samu Dhool Ka Phool, kada rashin kala ya kore ka.

Yaya ya mutu?

Ranar da ya cika shekara 80, a wata doguwar hira da Shah Rukh Khan ya yi da shi gaban jama'a, ya ce Jab Tak Hai Jaan ne fim ɗinsa na ƙarshe. A fim ɗin ya koma Kashmir da kyamara bayan dogon lokaci. Saura waƙa ɗaya da ya shirya zuwa ɗauka a Suwizalan, sai zazzaɓin dengue, wanda sauro ke yaɗawa, ya kwantar da shi. An kai shi asibitin Lilavati a Mumbai ranar 13 ga Oktoba, ya mutu ranar 21. Aditya bai tura kowa ya ɗauko wannan sashen a madadinsa ba. Haka aka saki fim ɗin ranar 13 ga Nuwamba 2012, lokacin bikin Diwali, babu Suwizalan a ciki.